Zare na Huɗu na Waken Daji

A cibiyar binciken amfanin gona, ofishin Auta shi ne na ƙarshe a hawa na biyu, bango ɗaya da ɗakin manyan kwamfutoci. Kullum ana jin gurnanin fankokinsu, har ta saba, ranar da aka kashe su don gyara sai ta ji kamar an toshe mata kunne. Tebur ɗaya ne a ofishin, da allon kwamfuta biyu, da butar shayi da murfinta ya ɓata tun bara, tana rufe ta da ƙaramin faranti.

Ita ba noma ta karanta ba, lissafi da kwamfuta ta karanta. Shekara uku ke nan tana rubuta wata manhaja. Kowace shuka tana ɗauke da ƙwayoyin gado dubbai, a jere a kan wasu zarurruka da ido ba ya gani. Idan aka karanto jerin na shuka biyu masu dangantaka, manhajar takan ɗora ɗaya sama ɗaya ƙasa, ta ja layi daga kowace ƙwaya zuwa takwararta. Inda jerin ya zo ɗaya, layukan sukan sauko a miƙe. Inda wani yanki ya juya, kansa ya koma gindinsa, sai layukan su giciye juna. Aikin ke nan, kuma ta iya shi.

A hawa na ƙasa akwai ofishin Farfesa, wanda saura wata huɗu ya yi ritaya. Yayan mahaifiyarta ne, kuma a gidansa ta tashi tun tana 'yar shekara bakwai, bayan rasuwar mahaifiyar. A cibiya Farfesa take ce masa kamar kowa, a gida Kawu. Shi kuwa ko a gaban baƙi Auta yake kiranta, har sunan ya bi ta ofis-ofis.

Sunan Farfesa ya fito ne a kan waken daji. Wani wake ne mai ƙananan ƙwaya, mai ɗaci, ko akuya sai ta rasa abin ci take kula shi, amma yana jure fari yadda waken gona ba ya iyawa. Shekara ashirin da takwas da suka wuce, Farfesa ya kwashe shekara biyar yana leƙen zarurrukan waken nan a madubin ƙara girma, har ya gano cewa a zare na huɗu akwai wani dogon yanki da ya juya. Ya ce ƙwayar juriyar fari a cikin yankin take, tare da ƙwayoyin ɗaci. Shi kuma yankin da ya juya ba ya rabuwa idan aka yi barbarar shuka da shuka, ko dai ya tafi dukansa ko kada ya tafi. Ma'ana duk wanda ya ɗauko juriyar sai ya haɗa da ɗacin. A kan wannan magana aka rufe shirin haɗa waken daji da na gona, aka koyar da ita a aji, ɗalibai suka rubuta ta a jarrabawa.

Da sabon karatun jerin waken biyu ya iso cibiyar, Auta ta yi niyyar yi wa Kawunta kyauta. Ta ce za ta fitar da hoton yankin nan nasa da launuka, a saka a gilashi, ta miƙa masa ranar bankwana. Wata Talata da safe ta ɗora jerin biyu, ta haɗa shayi, ta dawo ta zauna.

Juyin yana nan, layukan sun giciye kamar yadda ya faɗa tun tana firamare. Ta yi murmushi ita kaɗai. Sai dai da ta ƙara girman hoton, ta ga giciyen bai kai inda take tsammani ba. Ya tsaya a hanya, layuka kusan tamanin suka sauko a miƙe, sannan wani ƙaramin giciye ya sake farawa. Juyi biyu ne, ba ɗaya ba, da fili a tsakaninsu. Ta nemi ƙwayar juriyar fari, ta same ta zaune a tsakiyar filin. Ƙwayoyin ɗacin kuma suna cikin babban juyin, can gefe.

Shayin ya huce a gabanta ba ta sha ba.

Abin da ya fara zuwa mata shi ne manhajar ce ta yi kuskure. Da manhajar shekara uku da aikin mutum na shekara ashirin da takwas, ai an san wanda za a fara tuhuma. Ta kwashe kwana goma sha ɗaya tana bin rubutun manhajar layi-layi. A kwana na takwas ta kama kuskure na gaske, wani wuri da ƙidaya ta fara daga sifili maimakon ɗaya, ta ji daɗi kamar wadda ta tsinci abin da ta yar. Ta gyara, ta sake ɗora jerin. Iyakar juyin ta matsa da ƙwaya ɗaya tak, ita ma ta matsa ne nesa da inda Farfesa ya ce. Ta ɗauko wata manhaja da wasu masu bincike suka rubuta, mai nauyin tafiya, ta bar ta tana aiki kwana biyu. Hoto ɗaya ya fito.

Ranar Asabar ta tafi gidan Kawu da hantsi, lokacin da ta san yana wurin aski. Ta tarar da matarsa, wadda ta raine ta take kuma kira Mama, tana shanya a bayan gida, da 'yan maƙalai a baki.

"Wannan fuskar fa?" in ji Mama, bayan ta cire maƙalan. "Ke da maigidan naki ne?"

"Lafiya lau muke, Mama. Aiki ne."

"To kama mini bakin zanen gadon nan, ki faɗa mini. In na gane na gane."

Auta ta kama, suka matse ruwan. Sannan ta nuna igiyar. "Kin ga kayan nan a jere, riga, wando, tawul, ɗankwali, safa? A ce akwai wata igiya irinta a maƙwabta, kaya iri ɗaya, amma can an juya jerin daga wando zuwa safa. Haka Kawu ya ce. Ni kuma na duba na ga ba a juya duka ba. An juya na farko, an juya na ƙarshe, amma ɗankwalin yana inda yake. Kuma ɗankwalin shi ne abin da ake nema tun farko."

"Wato da an miƙa hannu da an ɗauke shi."

"Da wuya, amma da an ɗauka."

Mama ta gyara bakin zanen a kan igiya. Can ta ce, "Maganar waken nan ce da suka yi rigima da Dakta?"

Dakta ita ce shugabar sashen kyautata iri, mace mai ƙarancin magana da ke wuni a rumfar gilashi inda ake rainon shuka. Auta ta san ba sa doguwar hira da Farfesa, amma ba ta taɓa tambayar dalili ba.

"Ke kina yarinya lokacin," in ji Mama. "Ita ce ta ce a bar ta ta gwada, ko da shekara uku ne. Shi ya tashi a gaban kwamiti da hotunansa ya ce ɓata lokaci ne. Aka bi tasa. Ranar ya dawo gida yana ta fara'a, na ce masa ka yi a hankali, yarinyar nan ba ta yi kama da mai magana a banza ba. Ya ce ni me na sani a kan wake ban da dafa shi."

Auta ta yi dariya ba ta shirya ba. Sannan ta ce, "Mama, saura wata huɗu ya tafi. Ina tunanin in bari sai ya sauka."

"Ya ji a bakin wani, yana zaune a gida ba shi da ofis ba shi da ɗakin gwaji? Wannan ba tausayi ba ne, Auta. Ki faɗa masa. Amma kada ki faɗa masa a gidan nan. A nan Kawunki ne, zai ce ba komai don kada ranki ya ɓaci, ya shiga ɗaki abin ya ci shi. Ki same shi a ofis. Can zai yi miki gardama, gardamar ce za ta sauƙaƙa masa."

Ranar Litinin da ƙarfe goma ta sauka hawa na ƙasa da kwamfutarta ta hannu. Ofishin Farfesa cike yake da kwalaye, ya fara haɗa littattafansa. Ya ɗauke wani kwali daga kan kujera ya ce ta zauna.

"Farfesa, na ɗora waken daji a kan na gona. Akwai abin da nake so ka gani da idonka."

Ya sa tabarau, ya jawo kwamfutar gabansa. Da ya ga babban giciyen sai fuskarsa ta washe. "Ga shi nan. Shekara biyar na yi kafin in ga wannan, ke kin gan shi kafin shayi ya huce."

"Ka matsa dama kaɗan."

Ya matsa. Ta nuna masa layukan da suka miƙe, da ƙaramin giciyen, da inda ƙwayar juriyar take. Ya daɗe yana kallo. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar.

"Wa ya karanto jerin nan?"

Ta faɗa masa.

"Daga wane iri? Kin tabbata daga buhun da na yi aiki da shi ne, ba wani dangin waken ba?"

"Lambar buhun ɗaya ce. Na je ɗakin sanyi inda ake ajiye iri na duba da kaina."

"Injin da ke karanta jerin guntu-guntu yake karantawa, sannan a ɗinke. In maɗinkin ya ɗinka hannun riga a wuya fa?"

"Na duba guntayen da suka ratsa iyakokin huɗu. Kowace iyaka akwai fiye da talatin, duk bakinsu ɗaya."

"Manhajar taki ba ta kuskure?"

"Tana yi. Na kama ɗaya na gyara. Bai canja komai ba."

Ya jingina da kujera. "Ni ban yarda da hoto ba, Auta. Hoto ne ya kai ni inda nake. Ki rubuto mini jerin da ke gefen kowace iyaka. Zan shiga ɗakin gwaji in duba a jikin shukar da hannuna."

Ya kai shekara tara rabonsa da yin gwaji da hannunsa. Ma'aikatan ɗakin suka yi ta satar kallonsa sanye da farar riga da ta matse shi a ciki, yana ɗiga ruwa a ƙananan kwalabe. Gwajin farko ya lalace, ya zubar, ya sake. Kullum da rana sai ya hau bene, abin da gwiwarsa ba ta so, ya tsaya a ƙofar Auta da sabuwar tambaya. Wasu ta amsa nan take, wasu sai da ta wuni a kansu. Ɗaya daga ciki ta sa ta ƙara wa manhajar wani sashe da ke nuna ƙarfin hujjar kowace iyaka, abin da ba ta taɓa tunani ba.

Ranar Juma'a ta mako na biyu ya shigo ba tare da tambaya ba. Ya ajiye wata 'yar takarda a teburinta, hoton sakamakon gwajin, ya zauna a kujerar baƙi yana mayar da numfashi.

"Juyi biyu ne," ya ce. "A madubi sun manne sun zama ɗaya, filin tsakiyar ya yi ƙanƙanta, ba zan iya ganinsa ba. Wannan ban zargi kaina a kai ba. Amma lokacin akwai shuka uku a cikin ɗari huɗu da suka fito da abin da bai dace da maganata ba. Na rubuta a littafina cewa iri ne ya gauraya. Jiya na nemo littafin. Rubutuna ne, da jan biro."

"Kawu," ta ce, ta manta a ofis suke.

"Bari. Ba ke kika juya waken ba." Ya miƙe yana dafa tebur. "Taso ki raka ni rumfar gilashi. Ki riƙo kwamfutar."

Sun sami Dakta a layi na uku, a tsugune gaban wata tukunyar shuka, da ɗan hantsaki a hannu tana buɗe fure. Ba ta ɗago ba sai da ta gama ta ɗaura wa furen zare. Zafin rumfar ya sa tabaran Farfesa ya yi hazo, ya cire ya riƙe a hannu.

"Dakta, na zo da magana a kan zare na huɗu."

"Wane zare na huɗu?"

"Na waken daji. Ke ce da gaskiya. Juriyar ba ta cikin juyin."

Dakta ta dube shi, ta dubi Auta, sannan ta goge hannu a jikin rigar aikinta ta karɓi kwamfutar. Ta zauna a kan wani juyayyen bokiti. Auta ta tsuguna gefenta tana nuna mata. Tambaya biyu kawai ta yi, nisan ƙwayar daga kowace iyaka, da ko an tabbatar a jikin shuka.

"Ni na tabbatar," in ji Farfesa. "Kuma na zo in ba ki haƙuri. Na tsaya a gaban mutane na rufe miki aiki, ga shi ashe ni ne ban gani daidai ba."

Dakta ta rufe kwamfutar a hankali. "Ni ma ban san inda take ba, Farfesa. Zato na yi. Kai kana da hoto, ni ba ni da komai sai taurin kai. Abin da ya yi mini ciwo shi ne shekara uku kawai na roƙa." Ta miƙa wa Auta kwamfutar. "Na yi fushi da kai shekara shida. Daga nan na gaji, ga yara ga aiki."

"Shekara ashirin da takwas sun tafi."

"Sun tafi. Amma irin bai tafi ba." Ta tashi, ta karkaɗe bayanta. "Barbarar da na fara kafin a rufe shirin, ban zubar ba. Tana ɗakin sanyi, a kanta ta ƙasa, na rubuta mata 'ragowar gwaji'. Duk shekara biyar nakan shuka layi ɗaya a bayan rumfar nan in sabunta."

Farfesa ya dube ta. "A bayan rumfar nan? Nan da nake ajiye mota?"

"Ka sha yaba kyan ganyensa ma."

Auta ta sunkuyar da kai don kada su ga tana dariya, sai ta ji Farfesa ya riga ta.

A tsaye a wurin suka yi lissafin abin da ake bukata. Tunda filin ƙarami ne, sai an shuka da yawa kafin a dace da wadda ta ɗauko juriyar ta bar ɗacin. Dakta ta ce dubu da ɗari biyu. Auta ta ce za ta fitar da alamomin da za a gane su tun suna ganye biyu, ba sai an jira sun yi 'ya'ya ba.

Takardar gyara Farfesa ne ya rubuta ta da kansa zuwa mujallar da ta buga aikinsa na farko. Ya kawo wa Auta ta duba. Ta ga ya sa sunanta a farko, na Dakta na biyu, nasa a ƙarshe, kuma ya ambaci shuka ukun nan da jan biron. Ta ce ko a cire wannan, ba dole ba ne. Ya ce ɗalibai sun fi bukatar wannan layin fiye da sauran takardar. Ba kowa ne ya ji daɗi ba. Wani tsohon ɗalibinsa, wanda ya gina nasa digirin a kan maganar, ya daina gaishe da Auta a matakala har wata biyu.

An yi bankwanan Farfesa ranar Alhamis. Ranar Litinin da ƙarfe bakwai ya dawo a matsayin mai taimako, Dakta ta ba shi almakashi da ƙananan ambulan, ta sa shi yankan ganye yana rubuta lamba. Mama ta ce ita dai ba ta ga ritaya ba, abin da ya canja kawai yanzu da laka yake dawo mata a takalmi.

Cikin dubu da ɗari biyun, tara suka nuna alamar da ake nema. Aka hana su ruwa kwana goma sha takwas tare da waken gona. Na gonar ya kwanta, biyar cikin taran suka bi shi, huɗu suka tsaya. Da suka yi 'ya'ya, ƙwayar ba ta kai ta gona girma ba, kuma fatar tana da kauri. Dakta ta ce wannan aikin wasu shekaru ne, ƙila ita ma ba za ta ga ƙarshensa a ofis ba.

Ta ware ƙwaya goma sha biyu daga wadda ta fi yawan 'ya'ya, ta dafa su a ƙaramar tukunya a kicin ɗin ma'aikata. Sun daɗe ba su nuna ba. Su uku suka tsaya a gaban murhun, ta raba musu hurhuɗu a cokali. Auta ta tauna nata tana jiran ɗacin, bai zo ba. Farfesa ya daɗe yana taunawa, ido a rufe, su biyun suna kallonsa.

"Gishiri ya yi kaɗan," ya ce.

Dakta ta jawo littafinta ta rubuta lambar shukar da kwanan wata, ta rubuta "ba ɗaci" a gefe. Sannan ta tambayi Auta ko manhajar za ta iya ɗaukar jeri uku a lokaci ɗaya, don akwai wani waken daji na biyu a ɗakin sanyi da ba a taɓa dubawa ba. Auta ta ce yanzu ba ta iyawa, amma a ba ta wata guda.